Garin da aka gina bisa filin aro

A ƙarshen watan Maris na shekara ta 2024 wani babban kamfanin ƙasar Faransa mai suna Ubisoft ya kashe injunan da ke riƙe da wani wasan tseren motoci da ake kira The Crew. Wasan ya fito tun 2014, mutane kuwa da kuɗinsu suka saye shi, da yawa ma suna riƙe da faifansa cikin kwalinsa. Amma da yake an ƙera shi ne yadda ba ya tashi sai ya gaisa da injin kamfani ta hanyar intanet, ko da mutum shi kaɗai yake son yin tsere cikin ɗakinsa, ranar da aka kashe injin sai faifan ya koma faifai na ainihi, sai dai a rufe ƙwarya da shi. Da wasu suka kai ƙara kotu a jihar Kaliforniya ta Amurka, lauyoyin kamfanin suka amsa cewa ai tun farko ba wasan aka sayar musu ba, izinin yin wasa kawai aka ba su.

Mun san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, ina ruwan shafin nan da wasan yara, ga zancen damina ga tsadar hatsi? Tambayar tana da hujja. Amsarmu ita ce, kalmar nan ta wasa ce ke ruɗin mu. A Hausa in an ce wasa, hankali yana tafiya wurin langa da dara da kokawar dandali, abin da ake yi da yamma a watse da magariba, ba a bar komai a fili ba sai sawun ƙafa. Abin da muke magana a kansa yau ba ya watsewa da magariba. Kamfani ne ke ajiye manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa cikin wani gida, dare da rana suna kunne, a cikinsu an zana wata duniya ta hoto mai garuruwa da kasuwanni da hanyoyi. Duk mai kwamfuta ko salula da intanet yana iya shiga, ya zaɓi suna da siffa, ya tarar da dubban mutane na gaskiya daga ƙasashe dabam-dabam, kowa cikin tasa siffar. In ya fita ya kwanta, duniyar ba ta jiran shi: ciniki yana ci gaba, abokansa suna neman shi, abin da ya tara yana iya ƙaruwa ko ya salwanta. Wani irin wannan wasa mai suna World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya kai mutum miliyan 12 masu biyan kuɗin wata-wata a shekara ta 2010. Mu tuna cewa ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17 da ɗan kai a Nijar baki ɗaya.

Inda mutane suka taru da yawa haka, suka daɗe tare, suka yi ciniki da rikici da sulhu, to an sami jama'a, ko mun so ko mun ƙi. Misalin da ya fi nuna wannan shi ne wasan EVE Online, wanda wani kamfani mai suna CCP ya buɗe a 2003 a birnin Reykjavik na tsibirin Ayislan. Duniyar wasan sararin samaniya ce mai dubban taurari, kuma kusan duk abin da ke cikin kasuwarta ƴan wasa ne ke samar da shi: wani ya haƙo ma'adini, wani ya ƙera jirgi da shi, wani ya yi fataucinsa daga wannan tasha zuwa waccan, wani kuma ya tare hanya ya ƙwace. Kasuwar ta yi girman da a 2007 sai da kamfanin ya ɗauki wani malamin ilimin tattalin arziki aiki don ya riƙa bin farashin kaya yana ba da rahoto, kamar yadda ake yi ma ƙasa. Ƴan wasan sun kafa ƙungiyoyi masu shugabanni da ma'aji da jakadu da masu leƙen asiri, kuma tun 2008 suke jefa ƙuri'a su zaɓi wakilan da za su zauna da kamfani su faɗi koke-kokensu.

Ran 27 ga Janairu 2014 wata ƙungiya ba ta biya kuɗin hayar yankin da take riƙe da shi kan lokaci ba. Abokan gaba suka ga ƙofa a buɗe suka afka. Aka gwabza har awa 21, ƴan wasa fiye da 7,500 suka shiga, aka ragargaza manyan jiragen yaƙi 75 irin waɗanda ƙera guda ɗaya ke cin aikin mutane da yawa na makonni. Da aka kimanta hasarar da kuɗin gaske sai ta kai wajen dala 300,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Bisa canjin wancan lokaci ya haura miliyan 140 na sefa. Mai karatu na iya girgiza kai, mu ma mun girgiza. Amma ya lura da abin da ke ƙarƙashin labarin: an tada mutane daga barci a nahiyoyi dabam-dabam, kowa ya san shugabansa da matsayinsa, an yi musanyar masu tsaro kamar yadda ake yi a gayyar noma. Wanda ya iya tafiyar da mutum dubu da bai taɓa gani da ido ba, ba albashi ba bulala, ya koyi wani abu game da shugabanci wanda da yawa daga cikin masu riƙe da ofis ba su koya ba.

Akwai kuma abin da ya fi yaƙin taɓa zuciya. Ran 11 ga Satumba 2012 aka kai hari ofishin jakadancin Amurka a Bengazi ta ƙasar Libiya, maƙwabciyarmu, aka kashe mutum huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Sean Smith, ma'aikacin sadarwa ne a ofishin, amma a cikin EVE Online sanannen jakada ne na wata babbar ƙungiya, ya kuma taɓa zama cikin majalisar wakilan ƴan wasa. Da labari ya bazu, abokai da abokan gaba duka suka riƙa canja sunayen tashoshinsu na cikin wasa suna sa sunansa, aka kuma tara kuɗi na gaske aka ba iyalinsa. Mu da muka san darajar zaman makoki da gudummawa ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Mutanen da ke yi ma junansu ta'aziyya sun wuce a kira su taron ƴan kallo.

Kada a ɗauka muna cewa aljanna ce. A wannan wasa dai, a 2009, shugaban wani banki da ƴan wasa suka kafa da kansu ya kwashe wani kaso na ajiyar jama'a ya sayar da shi da kuɗin gaske. Kamfani ya kore shi, amma ba don cin amana ba, tun da dokar wasan ta yarda da zamba tsakanin ƴan wasa. An kore shi ne don ya fitar da kuɗin wasa zuwa kasuwar waje, abin da ke taɓa aljihun kamfani. A nan ne ainihin maganarmu take. Wannan jama'a tana da shugabanni da zaɓe da kasuwa da makoki, amma ba ta da ƙasa. Filin da ta yi gini a kai na wani ne, kuma dokar da ke bisa kowace doka ita ce ribar mai filin. A 2011, da kamfanin ya fara sayar da kayan ado na cikin wasa da tsada, har wani gilashin ido guda ya kusan dala 70, dubban ƴan wasa suka taru a babbar kasuwar wasan suna harbin wani gunkin tunawa don nuna fushi, wasu suka daina biyan kuɗin wata. Kamfani ya kira wakilansu taron gaggawa, daga baya shugabansa ya rubuta takardar neman gafara. Sun ci nasara a wannan karo, don kuwa tafiyarsu hasara ce. Amma a 2018 aka sayar da kamfanin ɗungurungum ga wani kamfanin Koriya ta Kudu, da taurarin da kasuwar da ƙungiyoyin duka, kuma ba ƙuri'ar ƴan wasa ce ta yanke wannan ba.

Su dai an sayar da su, ba a rushe su ba. Mutanen wani wasa mai suna City of Heroes ba su yi wannan sa'a ba. Shekara takwas suna zaune cikin birninsu na hoto, tun 2004, sai a ƙarshen Agusta 2012 kamfanin NCSoft ya ba da sanarwa cewa za a rufe. Suka taru a bakin fadar birnin, kowa siffarsa riƙe da wutar jiniya, suka rubuta takardun roƙo, duk a banza. Ran 30 ga Nuwamba aka kashe injuna. Sai a 2019 aka gane cewa wasu tsiraru sun sami kwafin wasan sun ci gaba da kunna shi a ɓoye shekara da shekaru, kamar masu gudun hijira da suka tafi da allon gidansu. Da asiri ya tonu, dubbai suka koma. A watan Janairu 2024 kamfanin ya ba wata ƙungiyar masu sa kai izini a rubuce su ci gaba da riƙon birnin. Wato abin da aka ce ba ya yiwuwa a 2012 ya yiwu bayan shekara 11, kuma kamfanin bai talauce ba.

Wannan ne ya sa da aka rufe The Crew, wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara kiran da a hana kamfanoni kashe wasannin da suka riga suka sayar. Tarayyar Turai tana da wata doka mai cewa in ƴan ƙasa miliyan ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam suka sa hannu kan buƙata guda, dole hukumar tarayyar ta duba ta, ta ba da amsa. A watan Yuli 2025 takardar ƴan wasa ta wuce miliyan ɗaya. Abin da suka nema ba shi da yawa. Ba su ce kamfani ya riƙa biyan kuɗin wuta da ma'aikata har abada ba. Sun ce in zai janye hannunsa, ya bar wasan a halin da mai shi zai iya kunna shi, ko ya bar masu so su kunna injinsu da kansu. Ƙungiyar kamfanonin wasa ta Turai ta amsa cewa hakan zai ƙara tsadar ƙera wasanni, kuma a injin da ba na kamfani ba babu mai tsare sirrin mutane ko mai hana ɓarna. Magana ta biyu tana da nauyi, musamman inda yara suke, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ta farko kuwa ba ta gamsar da mu ba. Magini ma zai ce yin ƙofar fita yana ƙara tsadar gini, amma ba a taɓa yarda ya gina ɗaki ba ƙofa saboda haka. A ganinmu masu sa hannun suna da gaskiya. Ko jihar Kaliforniya ta yi doka a 2024 mai tilasta ma masu sayar da irin wannan kaya su bayyana ƙarara in abin da suke kira saye haya ce kawai.

To, mu ina muka tsaya? Ba mu da kamfanonin da ke ƙera waɗannan wasanni, amma muna da ƴan wasa, kuma kusan rabin jama'armu ba su kai shekara 15 ba. Duk wanda ya bi ta unguwannin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya ga ɗakunan da ake biya a buga ƙwallo a PlayStation, ya kuma ga samari a fada, shayi na kan wuta, kai a sunkuye kan salula, suna kiran juna da sunayen da iyayensu ba su raɗa musu ba. Wasanni irin su Free Fire, wanda wani kamfanin Singafo ya fitar a 2017, an yi su ne musamman don su tashi a ƙaramar salula mai araha. Shiga kyauta ne. Amma cikin wasan akwai kanti, ana sayar da riguna da makamai na ado, kuma yaron da abokansa suka yi ado shi bai yi ba yana jin abin da yaro ke ji ran salla in ba a ɗinka masa ba. Kuɗin da ke fita ta nan, ɗari biyar yau jika gobe, yana sayen abin da ba a iya riƙewa a hannu, ba a iya kai shi kasuwa bisa ƙa'ida, ba a gadon shi, kuma yana iya ɓacewa ranar da mai filin ya ga dama.

Duk wannan an rubuta shi. Kafin a shiga kowane wasa ana nuna doguwar takarda da Turanci ko Faransanci, a ƙarshenta akwai wurin taɓawa don nuna an yarda. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun shiga ajin yaƙi da jahilci ne da girmansu, don kada a sake kama musu yatsa a dangwala kan takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Abin takaici ne a ce ɗiyansu, waɗanda suka yi lakkwal, suna dangwala yatsa sau da yawa a wata ba tare da karanta ko layi ɗaya ba.

Wasu hukumomi na duniya sun fara binciken abin da ke bayan wannan dangwale. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljik ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye cikin wasu wasanni, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba sai an biya an buɗe, caca ce. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda ya biya dala miliyan 520 a Amurka, bisa zargin tara bayanan ƙananan yara ba da izinin iyaye ba, da barin hanyar magana da baƙi a buɗe gare su, da shirya maɓallai yadda mutum zai sayi abin da bai yi niyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2019 ta sa shaƙuwa da wasa cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi mai tsauri: sai mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin ƴan wasa abin ke kamawa haka. Muna jaddada wannan saboda uban da ya ga ɗansa ya yi awa biyu kan salula kada ya ce likitocin duniya sun ce yaron ba shi da lafiya.

Mun san maganin da ke fara zuwa bakin ma'aikaci: a hana. An gwada. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2011 mai hana ƴan ƙasa da shekara 16 shiga wasannin kwamfuta na intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, wasa kuma ya koma salula inda dokar ba ta kai ba, har a 2021 gwamnati ta yanke shawarar soke ta, ta mayar da al'amarin hannun iyaye. Ƙasar Sin a wannan shekarar ta ƙara tsanantawa, ta ce ƴan ƙasa da 18 awa ɗaya kawai za su yi, daga takwas zuwa tara na dare, ran Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu; nan ma aka sami kasuwar hayar sunayen manya. In ƙasashen da ke da kamfanonin a cikin gidansu, da rajistar kowane ɗan ƙasa a na'ura, suka sha wannan wuya, mu da ba mu riƙe da ko injin guda ba mu yi hattara da dokar da za ta tsaya a takarda. Banda haka, hani yana kora yaro ne zuwa ɓoye, kuma a ɓoye ne baƙon da ke neman lalata shi ya fi samun shi.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan ƙanƙanta, amma yana yiwuwa. Uba ba ya barin ɗansa ya zauna wata fada sai ya san su wa ke zama a wurin, wane ne babbansu, me ake tarawa kuɗi a kai. Tambayoyin nan su ne dai za a yi game da ƙungiyar cikin salula, kuma ba sai uba ya iya Turanci ba kafin ya yi su. Yaron da aka tambaye shi da mutunci sau da yawa yana murnar ba da labari, don ba a taɓa tambayar shi ba. Magadan gari suna da ikon zama da masu ɗakunan wasa a daidaita cewa ba a karɓar ɗan makaranta lokacin aji, kamar yadda ake daidaitawa da sauran masu sana'a. Gidajen samari da al'adu da ke manyan garuruwanmu suna iya shirya gasa a fili, da rana, gaban iyaye, har da ƴan mata, waɗanda a cikin waɗannan wasanni su ne suka fi shan zagi da cin mutunci har wasu kan ɓoye muryarsu da sunansu.

Sai kuma aikin da ya rataya kan ma'aikatun da ke kula da sadarwa da ilimi da kare masu saye. Waɗannan dogayen takardu na kamfanoni, in an tace su, maganganun da suka shafi aljihun talaka ba su da yawa: cewa abin da ka biya ba mallakarka ba ne, cewa ana iya rufe sunanka ko a rufe wasan gaba ɗaya, cewa kuɗin da ya shiga da wuya ya dawo, cewa ana tara bayananka ana ajiyewa a wata ƙasa. Muna roƙon a fassara wannan da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa cikin shafi guda, a karanta shi a gidajen rediyo na karkara, a manna shi a ɗakunan wasa da wuraren sayar da katin waya, a kuma ba malaman makaranta su karanta shi da ɗalibai kafin babban hutu, lokacin da yara suka fi samun sarari da salula.